Filin Tambayoyinku: “An ba ni takardar sauya wa ɗana makaranta, kora ce?”

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar Maraɗi ce, ina zaune a Bronx da ke birnin New York. Ɗana ya zo wajena yana da shekara 15, aka sa shi aji 9. A gida ya yi lakwal har ya kusa zana BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, da Faransanci, Turanci kuwa sai kame-kame. Yanzu ya kusa cika 18, sai malamar da ke ba ɗalibai shawara ta kira ni ta ce kiredit 15 kawai gare shi, wato makin da ake tarawa in an ci darasi, ba zai gama tare da 'yan ajinsu ba. Ta ba ni takarda da sunayen waɗansu makarantu, ta ce “alternative” ne, ko kuma transfa. Da na yi zancen a wajen suna, mata suka ce can ake tara 'yan ƙwaya da waɗanda aka kora. Babansa yana gida, ya ce in maido masa da shi ya kama kasuwa. Yaron ba ya rashin ji, sai dai yana kai saƙon abinci a keke har dare, gari ya waye ya kasa tashi. Korarsa suke son yi cikin dabara?
— Wata uwa, Bronx

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya shirya mana zuri'a. Ki kwantar da hankalinki tukuna. In dai makarantun transfa ne a jikin takardar nan, ba kora ba ce, kuma babu mai ikon ɗaukar yaron ya kai shi can in ba ku yarda ba. Shi ne ma zai nema, su kira shi su yi hira da shi, su ga ko za su karɓe shi.

Matan wajen sunan kuwa ba zan ce ƙarya suka yi ba, rabin labari suka riƙe. A ƙasar nan suna ɗaya ne aka laƙaba wa makarantu iri dabam-dabam. Akwai wuraren horo, inda ake ajiye yaron da aka dakatar saboda faɗa ko makami ko ƙwaya, ya yi kwanakin da aka yanke masa ya koma. A New York ana ce musu Alternate Learning Centers. A Texas tun 1995 doka ta wajabta wa gundumomin ilimi su tanadi irinsu. Wadda ta taɓa ganin an kai ɗan maƙwabciyarta irin wannan wuri, duk ran da ta sake jin sunan dole gabanta ya faɗi. Ɗanki bai yi laifin komai ba, wannan ƙofar ba tasa ba ce.

Asalin abin ma ba daga horo ya faro ba. A ƙarshen shekarun 1960 malamai da yawa sun gaji da manyan sakandaren birane, inda ƙararrawa ke kora dubban yara daga aji zuwa aji, malami bai san sunan rabin waɗanda yake koyarwa ba. A 1969 birnin Philadelphia ya buɗe shirin Parkway, makarantar gwamnati da ba ta da ginin kanta, ana darasi a gidajen tarihi da ofisoshi da ɗakunan karatu na gari. Masu nema suka yi yawa har sai da aka yi ƙuri'a. Washington ta bi sahu da School Without Walls a 1971, wadda yau sai mai kyakkyawan sakamako ke samun shiga. New York ta buɗe City-As-School a 1972, tana nan har gobe a titin Clarkson da ke Manhattan. Ɗalibinta yakan yi waɗansu ranakun mako a aji, sauran kuma a wurin koyon aiki: asibiti, kotu, kicin ɗin gidan abinci, gidan tarihi. Abin da ya koyo can zai rubuta shi, ya tsaya gaban malamai ya kāre shi, a ba shi kiredit. Makarantun transfa na yau jikokin waɗannan ne, an tanade su don 'yan shekara 16 zuwa 21 da suka riga suka yi aƙalla shekara guda a sakandare amma lissafinsu ya gaza.

To lissafin nan shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne abin da iyayenmu suka fi jahilta, ba don laifinsu ba. Na daɗe ina tafinta a tarurrukan iyaye da malamai, kuma abu ɗaya nake ta gani. Za a miƙo wa uwa takardar sakamako, ta bi layi da yatsa: lissafi 55, tarihi 55, kimiyya 60. Ta yi hamdala, don a lakwal 11 bisa 20 ai yaro ya haye, a Najeriya ma 55 ba abin kunya ba ne. Malama tana kallonta tana mamakin murmushin. A nan sai 65 ake ci. Duk 55 da kika gani faɗuwa ce, kuma darasin da aka faɗi ba ya kawo kiredit, ko da yaro ya zauna a ajin wata biyar. Sannan ba a cika maimaita aji yadda muka sani ba. Yaro zai ci gaba da fita da safe tare da sa'o'insa, yana ce miki yana shekara ta uku, alhali a takarda bai gama ta biyu ba.

Diflomar sakandare a birnin New York kiredit 44 ce: 8 na Turanci, 8 na tarihi da zamantakewa, 6 na lissafi, 6 na kimiyya, 4 na motsa jiki, 2 na wani harshe, 2 na zane ko kiɗa, 1 na kiwon lafiya, 7 na zaɓi. Ga kuma jarrabawar jiha ta Regents guda biyar, ko da yake jihar ta sanar da shirin sauya wannan ƙa'ida, don haka ki tambayi wadda za ta hau kansa. Ɗalibin da komai ke tafiya masa daidai yakan tara wajen 11 a shekara. Ɗanki saura 29. In ya zauna inda yake, bai sake faɗuwa ko ɗaya ba, zai ci kusan shekara uku, doka kuwa ta ba shi damar karatu kyauta ne zuwa ƙarshen shekarar karatun da ya cika 21. Kin ga rarar lokacin da yake da ita ba ta da yawa. Makarantun transfa da yawa suna raba shekara gida uku maimakon biyu, ga azuzuwa ƙanana, ga mutum guda da aka ɗora wa alhakin buga waya duk ran da yaro bai zo ba. A irin wannan tsari kiredit 29 na iya samuwa cikin shekara biyu. Malamar nan ina jin lissafin da ta yi ke nan.

Kafin ki je ko'ina, ki sa a aiko miki da takardun sakamakonsa na Maraɗi, musamman na shekarar ƙarshe. Makaranta tana da ikon duba karatun da aka yi a wata ƙasa ta ba da kiredit a kai, kuma yaron da ya yi karatu da Faransanci har ya tasa yana iya samun kiredit ɗin harshe ba tare da ya zauna aji ba. Sau da yawa ba a yi wannan ba lokacin rajista, saboda iyaye ba su zo da takardun ba, ba a kuma tambaye su ba. Ko kiredit uku aka ƙara masa, an rage masa hanya. Haka nan a jarrabawar Regents mai koyon Turanci yana da damar ƙarin lokaci da ƙamus mai harshe biyu. Ke kuma haƙƙinki ne a samo miki tafinta, ko ta waya ce. Kada ki bar yaron ya zama shi ne mai fassara miki maganar da ake yi a kansa.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe ido. Tambayarki ta ƙarshe ba shirme ba ce. An sha samun makarantun da ke lallaɓa ɗalibi mai rauni ya fita don kada ya ɓata musu alƙaluman waɗanda suka kammala, har ƙungiyar Advocates for Children ta kai ƙara a kan haka a nan New York a 2003. Dabarar takan zo ne da daɗin baki: “Ai gara ya je ya yi GED, ya fi sauri.” GED jarrabawa ce ta darussa huɗu da ke ba da takardar da ke tsayawa a madadin difloma. Tana da amfani, kwalejojin birnin nan suna karɓarta, kuma ga wanda ya kai 20 da kiredit 10 ita ce hanyar hankali. Amma ba daidai take da difloma ba a idon kowa, soja ma sun fi fifita mai difloma. Makarantar transfa difloma take bayarwa, irin wadda kowace sakandare ke bayarwa. Saboda haka duk sunan da ke takardar nan ki tambaya baki da baki: in ya gama, difloma za a ba shi ko GED? Kuma kada ki sa hannu a takardar cire shi daga makarantarsa sai wata ta riga ta karɓe shi.

Cikin waɗanda na sani, da ni ce zan fara leƙa Manhattan Comprehensive Night and Day, wadda aka buɗe a 1989 don manyan ɗalibai 'yan 17 zuwa 21. Tana da karatun rana da na dare, kuma cike take da 'yan ci-rani, har da namu na Afirka ta Yamma. City-As-School tana da daɗi amma tana son yaron da Turancinsa ya zauna, wanda kuma zai iya kai kansa wurin aiki ba mai tsaye a kansa. ELLIS Prep da ke nan Bronx ta ƙware a kan manyan yara masu koyon Turanci, sai dai sabbin zuwa ta fi ɗauka; na ambace ta ne don masu 'ya'ya a hanya. Akwai kuma karatun yamma na YABC, amma sai mai shekara 17 da rabi da kiredit 17, kuma an fi tanadarsa ga wanda ya riga ya shafe shekara huɗu a sakandare. Ku je da ƙafarku ranar karatu da hantsi, ba ranar da aka shirya wa baƙi ba. Ki leƙa aji ki ƙirga kujerun da ba kowa, don babbar cutar waɗannan makarantu ita ce rashin zuwa, kuma yaro yana ɗaukar halin waɗanda yake zama da su. Ki tambayi malamai nawa gare su masu koyar da Turanci ga baƙi. Ki sani kuma ba zai sami manyan darussan kimiyya da ƙungiyoyin wasanni irin na babbar makaranta ba. Wannan shi ne abin da ake sarayarwa.

Sai maganar keke, wadda a ganina ita ce tushen ciwon. Ko makarantar da ta fi kowace aka kai shi, in yana dawowa gida ƙarfe ɗayan dare, 55 ɗin nan za ta biyo shi. Dokar jihar ma ba ta yarda ɗan 16 ko 17 ya wuce awa 28 yana aiki a makon karatu ba, kuma ba zai wuce ƙarfe 10 na dare ba in gobe akwai makaranta, sai da izinin iyaye da na makaranta. Ban san halin gidanki ba, kuma na san haya a Bronx ba ta jiran kowa. Amma ki zauna ki duba: kuɗin nan na haya ne, ko na aikawa gida ne, ko na takalma da waya? Makarantun transfa da yawa suna da shirin Learning to Work, inda ake samo wa ɗalibi wurin koyon aiki ana biyansa, a lokacin da bai ci karo da karatu ba. Kuɗin bai kai na keke ba, amma yana barin yaro ya yi barci.

Babansa kuma ki kira shi da girmamawa, ki gaya masa lissafin yadda yake: shekara biyu ake roƙo, da takarda a ƙarshe. Maza sun fi jin magana in an yanka mata wa'adi. Kasuwar Maraɗi tana nan ba inda za ta.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ni mutumin zangon Kumasi ne, ina tuƙin tasi. 'Yata tana aji 7, tana da ƙoƙari, likita take son zama. Malaminta ya ce mu fara tunanin sakandare tun yanzu, ya lissafo mini magnet, da Ed. Opt., da wata jarrabawa SHSAT, har kaina ya ɗaure. Waɗannan na kuɗi ne? Ni da na ɗauka makarantar da ke kusa da gida ake kai yaro. Kuma gaskiya ba na son yarinya da hijabinta tana yawo a jirgin ƙasa.
— Wani uba, Harlem

Amsa: Alhaji barka kadai, Allah ya tsare hanya. Ko sisi ba a biya, duk na gwamnati ne. Malamin nan kuma ka riƙe shi da kyau, don ya gaya maka abin da iyaye da yawa ba sa ji sai lokaci ya ƙure.

Bari in ɗan koma baya, don in ka san dalilin kafa su za ka daina jin cewa alfarma ake yi maka. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Brown, ta haramta raba makarantun baƙaƙe da na farare. Amma unguwanni a rabe suke, makarantar unguwa kuwa kamannin unguwarta take ɗauka. Kotuna suka fara tilasta kwasar yara a bas daga wannan unguwa zuwa waccan, abin ya jawo tarzoma, ta Boston a 1974 ta fi yin suna, farare da yawa kuma suka kwashe 'ya'yansu suka bar birane. Sai aka ce, maimakon tilas, a gina makaranta mai wani abu na musamman da babu a sauran, yadda iyaye na kowane launi za su kawo 'ya'yansu da kansu, ta jawo su kamar maganaɗisu, wato magnet da Turanci. Firamaren McCarver a Tacoma ta fara a 1968. Dallas ta buɗe sakandaren Skyline a 1971. Houston ta buɗe ta kiɗa da wasan kwaikwayo da zane a wannan shekarar, a 1972 kuma ta buɗe ta aikin lafiya tare da kwalejin likitanci ta Baylor, wadda yau ake kira DeBakey. Gwamnatin tarayya ta fara zuba kuɗi a 1976, ta kafa asusu na musamman a 1984. Daga baya, a 2007, Kotun Ƙoli ta hana gundumomin Seattle da Louisville raba gurabe bisa launin fatar ɗalibi, shi ya sa yau za ka ga an fi amfani da ƙuri'a, ko unguwa, ko ƙarfin aljihun iyaye. Ma'ana dai, domin yara irin 'yarka aka ƙirƙiro tsarin tun farko.

A New York sunan magnet ya fi yawa a firamare da midil, wato aji 6 zuwa 8. A matakin sakandare kusan duk birnin ne ya zama na zaɓi: makarantu sun haura 400, kowane ɗan aji 8 sai ya cika takardar nema a shafin MySchools, ana buɗewa a kaka, a rufe farkon Disamba, sakamako ya fito a Maris. Wanda bai cika ba, ko ya cika da wasa, inda aka sami gurbi nan za a jefa shi. Abin da ya bambanta makarantun shi ne yadda kowace ke ɗiba. Waɗansu ƙuri'a ce zalla. Waɗansu tacewa suke yi da sakamako, kuma sakamakon aji 7 suke dubawa, wato ajin da 'yarka take ciki yau. Wannan zangon da take ciki ba na wasa ba ne, kuma ba shekarar tafiya gida a tsakiyar karatu ba ce, ko bikin wa ake yi.

Ed. Opt. kuwa ni tsarin yana burge ni, ko da yake masu son a ce 'yarsu tana makarantar haziƙai suna raina shi. An tsara shi ne da gangan don a haɗa masu ƙoƙari sosai da matsakaita da masu rauni a makaranta ɗaya. Shekaru da yawa rabon shi ne kashi 16 cikin 100 na sama, 68 na tsakiya, 16 na ƙasa, daga baya aka gyara shi. Sakandaren Edward R. Murrow a Brooklyn, wadda aka buɗe a 1974, da wannan tsari ta yi suna. Yarinya mai ƙoƙari tana takara ne da 'yan rukuninta kawai, in ta shiga kuma takan sami malamai sun san da ita, ba ta ɓace cikin dubban haziƙai ba.

SHSAT hanya ce dabam, da rajistarta dabam. Jarrabawa ce ta awa 3, Turanci da lissafi, ana yinta a kakar aji 8, kuma ita kaɗai ke shigar da yaro makarantu takwas, ciki har da Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech. Ba a duba sakamakon aji, ba a duba hali, maki kawai. Dokar jiha ta 1971 ce ta kafe hakan ga manyan ukun. Ba zan ɓoye maka ba, 'ya'yan baƙar fata kaɗan ne ke shiga. A 2019, cikin gurabe 895 da Stuyvesant ta bayar, 7 ne kacal suka je ga baƙaƙe. Ana ta jayayya a kan dalili, amma wanda na gani da idona shi ne waɗansu iyalai suna fara shirya yaro shekara biyu kafin ranar, namu kuwa sukan ji labarin jarrabawar saura mako uku. Birnin yana da shirin share fage kyauta mai suna DREAM ga waɗanda suka cancanta, ga littafin gwaji kyauta da hukumar ilimi ke fitarwa. Ka tambayi malamin nan gobe-goben nan. Ta zauna jarrabawar, ba ta rasa komai, don yaro yana iya samun gurbi ta nan ya kuma samu ta babbar takardar, sai ya zaɓa.

Wajen jera makarantu a takardar, ga kuskuren da direbobi 'yan'uwanka suke koya wa juna a wajen jiran fasinja: wai kada ka sa babbar makaranta a farko, za ka yi asarar ta biyu. Ba haka ba ne. Tsarin rabon da birnin ke amfani da shi tun 2003, masana tattalin arziki ne suka tsara shi, cikinsu har da Alvin Roth da ya ci kyautar Nobel a 2012, kuma an gina shi ne yadda in ta farko ba ta samu ba, damarka a ta biyu ba ta ragu ko kaɗan. Ku jera su yadda kuke sonsu tsakani da Allah, ku kuma cika da yawa, har da waɗanda shigarsu ba ta da wuya.

Tunda aikin lafiya take so, ku duba HERO High a kudancin Bronx, wadda ke haɗa sakandare da karatun kwalejin Hostos kyauta, da High School for Health Professions and Human Services a Manhattan. Tunda kuma hankalinka yana kan tarbiyya, akwai makarantun gwamnati na mata zalla, Young Women's Leadership, ta farkonsu a East Harlem aka buɗe ta a 1996, kusa da kai. Yawancin ɗalibansu tun aji 6 suke shiga, don haka guraben aji 9 ba su da yawa, amma a gwada.

Maganar jirgi, ba zan ce maka damuwarka banza ce ba, ni ma uwa ce. Sai dai ka auna da agogo maimakon da zuciya. Ranar da ba ka aiki ku shiga jirgin tare da ita da ƙarfe bakwai na safe, ku ga minti nawa ne, sau nawa ake canji, wane irin titi ake bi daga tasha zuwa ƙofa. Za ka tarar da jirgin cike da 'yan makaranta, masu hijabi ba adadi. Katin shiga kyauta ake ba su. Tafiyar minti 40 zuwa makarantar da ke da ɗakin gwaje-gwaje da darasin kimiyyar sinadarai mai zurfi ta fi tafiyar minti 5 zuwa wadda ba ta da su, in dai likitancin da gaske ake. Abin da ya haura awa guda kuwa ni ma ba na so, musamman lokacin sanyi da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe biyar.

Tambaya: Hajiya, ni malamin sakandare ne a Kano. Ina karanta yadda kike bayanin makarantun Amurka. Shin irin waɗannan na zaɓi ba su ne makarantunmu na kimiyya ba? Me ya rage mana?
— Wani malami, Kano

Amsa: Malam, sannu da fama da alli. Ta wani gefen ka yi gaskiya. Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka mayar na kimiyya a 1977, sun yi abin da ake nema: an tace yara da jarrabawa, an tara musu malamai da kayan aiki, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun isa shaida. Bambancin shi ne dalili. Namu an kafa su ne don jiha ta rasa 'ya'yanta a fannin kimiyya, nasu kuwa don gyara ɓarnar wariyar launin fata. Da Bronx Science suka fi kama, ba da Ed. Opt. ba.

Abin da nake ganin ya rage mana yana ɗaya gefen, gefen wasiƙar farko. Mun iya gina wa haziƙi makaranta. Wanda ya yi tuntuɓe fa? Yarinyar da aka aurar tana aji huɗu, ko saurayin da ya bar aji biyar ya kama jiran shago da mahaifinsa ya rasu, in suna son dawowa me ke gabansu? Kano ta riga kowa da Hukumar Ilimin Manya tun 1980, kuma makarantun mata da azuzuwan yamma sun fitar da mutane da yawa kunya. Amma galibi wanda ya bar sakandare sai dai ya tara kuɗi ya yi rajistar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ya yi ta fama shi kaɗai. Da za a ware azuzuwa biyu ko uku a manyan sakandaren gwamnati bayan la'asar, da malamai da ake biya don wannan aikin kansa, da mutum guda mai riƙe da sunan kowane ɗalibi da lambar wayarsa, a kuma yi musu rajistar jarrabawa ɗaya da ta 'yan safe, da an yi abin da makarantun transfa suke yi ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba. Ka fara da shugaban makarantarku da ƙungiyar iyaye da malamai, ku ƙirga 'yan unguwar da suka bari cikin shekara uku da suka wuce, sannan ku tunkari hukuma da sunaye a hannu.